Kansar yara ta Burkitt: binciken DDX3X na ba da fata, amma jinkiri ne ke kashe yara a Nijar

Masana a Turai da Amurka na ƙara zuba ido kan wata ƙwayar gado mai suna DDX3X, wadda suke ganin za ta iya buɗe hanyar sabon maganin kansa, ta kuma zama alamar gane nau'in cutar. Batun ya shafi Nijar kai tsaye, domin cikin cututtukan da aka fi samun ƙwayar ta lalace akwai kansar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

Bayanin gadon ɗan Adam yana ajiye ne cikin ADN. Idan jiki zai ƙera furotin, sai ya kwafi abin da yake buƙata zuwa ARN, wanda kan cukurkuɗe kamar zare. Aikin DDX3X shi ne samar da sinadarin helikaz mai warware zaren don a iya karanta shi. Ƙwayar tana kan kuromozom X. Mace na da biyu, namiji na da ɗaya, sai wata ƴar uwarta mai suna DDX3Y a kan kuromozom Y.

Likita Denis Burkitt ne ya bayyana wannan kansa a Uganda a 1958, kuma a 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikinta. Ta fi kama yara maza. Kusan uku cikin goma na masu ita ana samun DDX3X ɗinsu ta lalace. A 2021, masu bincike a jami'ar Cambridge ta Ingila sun nuna dalili: a farkon cutar, lalacewar na rage wa ƙwayoyin kansa nauyin furotin da suke ƙerawa fiye da kima, daga baya kuma sai su tayar da DDX3Y su dogara da ita. Tun da yake a jikin mai lafiya a ƴaƴan maraina kawai furotin ɗin DDX3Y ke aiki, maganin da zai toshe shi zai iya bugun kansar ya bar sauran jiki.

A jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ma an haɗa sinadarin RK-33 mai toshe wannan helikaz. Gwajin da aka wallafa a 2015 ya nuna yana ƙara wa gashin haske ƙarfi kan kansar huhu a jikin ɓeraye. Sai dai har yanzu babu maganin wannan nau'i da aka amince a ba majiyyata. Akwai kuma dalilin taka-tsantsan: a wasu kansoshi ƙwayar na rura cutar, a wasu kuma kare jiki take yi, sannan tun 2015 aka san lalacewarta na haddasa jinkirin girman ƙwaƙwalwa ga yara mata.

A Yamai akwai tubalan da za a iya ɗorawa a kai. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa CNLC ta samu na'urar gashin haske a 2021 da tallafin hukumar AIEA. Kundin rajistar masu kansa yana aiki tun 1992, ga jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar bincike ta CERMES. Amma alamar cuta irin DDX3X ba ta da amfani sai an yanki ɗan naman kumburin, an duba shi a kan lokaci.

Lokaci kuwa shi ne komai a kansar Burkitt, domin ƙwayoyinta na ninkawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Da magungunan da ake da su yau, kusan tara cikin goma na yara na warkewa a ƙasashe masu arziki. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a yawancin ƙasashe matalauta, ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na yara masu kansa ne ke warkewa. A 2018 ta ɗauki burin kai adadin kashi 60 nan da 2030, kuma Burkitt na cikin kansoshi shida da ta sa a gaba.

Tun 2006 Nijar ta kafa tsarin magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, alhali da yawa daga masu Burkitt sun haura wannan shekarun. Iyayen da ke Damagaram kuma sai sun yi tafiyar kusan kilomita 900 kafin su iso CNLC, bayan an ɓata makonni ana jinyar ciwon haƙori ko haƙarƙarin sammu.

Abin da ke hannun hukumomi a fili yake: horar da ma'aikatan likitocin karkara su tura duk yaron da fuskarsa ko cikinsa ya kumbura cikin ƴan kwanaki, ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar kansar yara ba tare da iyakar shekaru ba, da adana samfuran majiyyata bisa yardar iyaye. Da irin waɗannan samfura ne masu binciken Nijar za su iya auna yawan lalacewar DDX3X a jikin yaran ƙasar, su kuma samu wuri a gwajin magungunan idan lokacinsa ya zo.