Wa ya naɗa fotal sarautar jami'a?

Muƙalar wannan mako ta ɗan kauce daga zancen labari da waƙa, amma ku daure ku bi mu, domin mafi yawanmu a wannan zaure ko ɗalibai ne, ko masu neman gurbin karatu, ko kuma yayyen da ke biya wa ƙanne kuɗin rajista. Duk wanda ke cikin rukunin nan uku ya san wata magana da ta zama hukuncin ƙarshe a manyan makarantunmu: "Haka yake a fotal." Da zarar an faɗe ta, shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe. Malami ya ɗaga kafaɗa, shugaban sashe ya ce ba hurumin ofishinsa ba ne, ɗalibi ya kama hanyar gida.

Matsayinmu a taƙaice shi ne: bai halatta a bar sashen kwamfuta na jami'a yana cin gashin kansa ba. Dole ne a sami tsayayyen kwamitin malamai, mai wakilcin kowace tsangaya da ɗalibai, wanda zai riƙa sa ido a kan aikinsa, ya kuma kai rahoto ga majalisar malamai ta jami'a, wato Sinet. Kuma malaman da suka naɗe hannu suka bar wannan aiki, su ma da alhaki a wuyansu.

Mu fara da doka. Dokokin da suka kafa jami'o'inmu, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962 da Jami'ar Bayero ta Kano da ta tsaya da ƙafarta a 1977, sun damƙa wa Sinet ikon tsara koyarwa, da ɗaukar ɗalibai, da jarrabawa, da ba da digiri. Shi ya sa sakamako ba ya zama sakamako sai ya bi ta sashe, ya bi ta tsangaya, sannan Sinet ta amince da shi. Hikimar wannan doguwar hanya ita ce kada makomar ɗalibi ta rataya a hannun mutum guda.

To, yau ina waɗannan ayyuka suke gudana? Rajistar kwasa-kwasai a fotal take. Biyan kuɗi ta fotal da Remita ne. Jarrabawar darussan gama-gari ta koma kan kwamfuta a makarantu da dama. Shigar da maki, da lissafin matsakaicinsa, da fitar da takardar sakamako, duk manhaja ce ke yi. Doka na nan yadda take a takarda, amma wuƙa da nama sun koma hannun wanda ke riƙe da mabuɗin rumbun bayanai. Wannan mutum ma'aikaci ne da ke amsa wa shugaban jami'a, a wasu wuraren ma ɗan kwangila ne wanda ko harabar makarantar ba ya zama. Ba a zaɓe shi ba, ba ya shiga aji, bai san fuskar ɗalibi ko ɗaya ba. Idan manhajarsa ta hana ɗalibi mai kariyoba ƙara kwas ɗaya, ya yanke hukuncin karatu ke nan, ko da shi a ganinsa gyaran na'ura kawai ya yi.

Kada wani ya ce malamai ba su san haɗarin wannan ba. Sun sani sarai, kuma sun nuna wa duniya sun sani. A 2019 gwamnatin Buhari ta matsa lamba cewa duk ma'aikacin tarayya ya shiga tsarin biyan albashi na IPPIS. Ƙungiyar ASUU ta ce atafau, hujjarta kuwa ita ce waɗanda suka ƙera manhajar ba su san yadda jami'a ke aiki ba: ba ta san malamin da ya tafi hutun bincike na shekara guda ba, ba ta san malamin aro daga wata jami'a ba, kuma ta ƙwace ikon da doka ta bai wa hukumar gudanarwar kowace jami'a. Wannan rigima tana cikin manyan dalilan yajin aikin wata 9 a 2020, da na wata 8 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Malaman ba su tsaya a ƙorafi ba, sai da suka ƙera tasu manhajar mai suna UTAS, suka kai ta gaban hukumar NITDA aka yi ta gwaje-gwaje da musayar yawu. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire jami'o'i daga IPPIS.

Mun yarda da hujjarsu, har yau muna kan yarda. Amma muna da tambaya. Idan manhajar da ba ta san jami'a ba ta cancanci a rufe ajujuwa wata 17 saboda ta taɓa albashi, me ya sa manhajar da ke taɓa makin ɗalibi da kuɗin ubansa ba ta cancanci ko zaman kwamiti na awa biyu a wata ba? Ashe ciwon 'ya mace na 'ya mace ne kawai idan ya zo ta aljihu? Ɗaliban da suka zauna a gida duk tsawon watannin nan suna da haƙƙin su ga an yi amfani da wannan hujja domin su ma.

Masu kare halin da ake ciki suna da maganganu uku. Ta farko, wai malamai ba su san kwamfuta ba, a bar wa ƙwararru aikinsu. Wannan zance bai karɓu ba. A Zariya akwai cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi kuma tsohon shugaban jami'ar. A Bayero akwai tsangayar kimiyyar kwamfuta sukutum. A Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha. Su wa suka koyar da ƙwararrun da ake magana? Ban da haka ma, ba a ce malamin Tarihi ya je ya ɗaura waya ba. Mai gida ba magini ba ne, amma shi ke faɗa wa magini inda ƙofa za ta kalla. Injiniya ya san yadda ake rufe fotal ƙarfe 12 na dare. Malamin da ya san cewa rabin ajinsa sai an sayar da amfanin gona suke samun kuɗin makaranta, shi ya san ranar da bai kamata a rufe ba.

Ta biyu, wai na'ura ba ta kuskure, kuma ba ta karɓar na goro. Mu tuna abin da ya faru a jarrabawar JAMB ta 2025. Sakamako ya fito, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 cikin sama da miliyan 1.9 ba su kai maki 200 ba. Iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka, wasu kuma suna ce musu ai yaran zamani ba sa karatu. Sai da hukumar ta gayyato masana daga waje suka duba, sannan a ranar 14 ga Mayu shugabanta, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa an sami tangarɗa a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, wadda ta shafi ɗalibai 379,997. Musabbabin shi ne wani gyaran manhaja da masu kwangila ba su ɗora a kan wasu na'urorin ba. Aka sake wa yaran jarrabawa. A Ingila ma, a 2020, da annobar korona ta hana zama jarrabawar kammala sakandare, an sa wani lissafin kwamfuta ya daidaita maki, sai ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye shi ta koma kan hukuncin malamai. A duka wuraren biyu, abin da ya ceci ɗalibai shi ne an sami wasu daga wajen ɗakin na'ura da suka ce a buɗe mu gani. Waɗannan manyan tangarɗa ne da duniya ta ji. Ɗalibi guda da makinsa ya ɓace tsakanin takardar malami da fotal, wa zai kira masa taron manema labarai?

Ta uku, wai kwamiti ɓata lokaci ne da cin kuɗin zama. Gaskiya ne mun ga kwamitocin da ba sa tsinana komai sai shan shayi. Haka ma wasu jami'o'in za su ce ai suna da kwamitin fasahar sadarwa tuntuni. Madalla. To a nuna mana rahotonsa na bara. A faɗa mana ɗalibai nawa suka kai masa ƙara, nawa aka share wa hawaye. Kwamitin da ɗalibi bai san ƙofarsa ba, wanda kuma shugaban sashen kwamfuta ne ke jagorantarsa, kura ce aka bai wa ajiyar nama. Idan kwamiti ya lalace, gyara shi ake yi, kamar yadda ba a taɓa rushe kwamitin jarrabawa don wani zama ya yi tsawo ba.

Mu da muke kudancin Kano mun fi kowa sanin tsadar wannan sakaci. Ɗalibin da ke zaune a Kahu, idan aka ce an buɗe rajista, sai ya hau babur zuwa Kibiya ko Rano neman shagon kafe mai wuta da sabis. Idan fotal ta ƙi buɗewa, kuɗin babur ya tafi, yinin gona ya tafi, gobe a sake. Idan ya biya kuɗi bai bayyana ba, sai ya shiga mota zuwa Kano ko Wudil ko Zariya, a yi ta tura shi daga banki zuwa ofishin kuɗi, daga nan zuwa sashen kwamfuta. Idan wa'adi ya cika yana wannan zarya, shi za a ci tarar jinkiri, alhali na'urar makaranta ce ta kwanta. Ɗan birni mai waya da data a ɗakinsa zai gwada sau goma cikin dare har ya dace. Tsari ɗaya ne, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne. Mu masu difloma da ke neman shiga jami'a kai tsaye, rumbun bayanai biyu muke roƙo su yi magana da juna, na kwalejin da muka gama da na jami'ar da muke nema. Ɗaya ya yi gardama, shekara ta tafi.

Sai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye a matsayin marubuta. Tun shekarun 1930 ake buga Hausa da haruffa masu ƙugiya. Suna nan cikin ma'aunin haruffa na duniya na Unicode, kowace wayar zamani tana iya nuna su. Amma sau nawa ka ga fom na intanet ya karɓi Ɗanladi ko Ƙaraye yadda suke? Sau nawa Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il suka ga an ƙi sunansu saboda 'yar alamar da ke tsakiya? Daga nan ake samun suna iri uku a takardu uku, sai rantsuwar kotu. Tun da JAMB ta wajabta lambar NIN a 2021, bambancin harafi ɗaya ya isa ya tsayar da mutum. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya mai tarihi, jami'o'in Zariya da Sakkwato da Katsina duk suna koyar da Hausa har digiri na uku. Da akwai malamin harshe guda a teburin da ake amincewa da manhaja, tambayarsa ta farko ita ce: tana rubuta sunayen ɗalibanmu daidai?

Haka batun kundayen bincike. Akwai ɗimbin nazarce-nazarce a kan littattafan Hausa da waƙoƙin baka da ke jibge a ɗakunan karatu, marubutan da aka nazarta ma ba su taɓa ganinsu ba. Wanne za a fara ɗorawa a intanet, wa zai iya karantawa, da wace ƙa'ida? Wannan shawara ce ta ilimi, ta malamai da ma'aikatan laburare. Idan aka bar ta ga mai lissafin girman rumbu kaɗai, kundin Hausa ne zai zo ƙarshen layi.

Ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya gagari jami'ar da ta so. Na ɗaya, Sinet ta kafa kwamitin da kanta, tsangayoyi su zaɓi wakilansu, a sa ma'aikacin laburare, da jami'an jarrabawa, da ɗalibai aƙalla biyu, mace da namiji. Shugaban sashen kwamfuta ya halarta don ya ba da bayani, amma kada ya shugabanci zaman. Na biyu, kada a sa hannu a kwangilar manhajar da ta shafi karatu sai kwamitin ya gwada ta, kuma a rubuta ƙarara cewa bayanan ɗalibai mallakar jami'a ne ko da an raba gari da ɗan kwangila. Na uku, duk canjin maki ya bar sawu: wa ya canza, yaushe, da izinin wa. Na huɗu, duk ranar da fotal ta kwanta a ƙara wa ɗalibai rana, ba tare da tara ba. Na biyar, a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara mai wa'adi, ta yadda ɗalibi zai san cikin kwana nawa za a amsa masa. Na shida, kowane zangon karatu a liƙa rahoto a inda kowa zai gani. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta riga ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman a gyara bayanansa idan an rubuta ba daidai ba. Jami'a ce ya kamata ta fara koya wa mutane wannan haƙƙi a aikace.

Wannan kira gata ne ga ma'aikatan kwamfuta su kansu. Da yawansu matasa ne irinmu, suna fama da ƙarancin wuta da tsofaffin na'urori, su ake zagi a kan kwangilar da ba su san lokacin da aka ba da ita ba. Kwamiti mai ƙarfi shi zai tsaya a gaban hukuma ya ce a saya musu kayan aiki, shi zai kuma raba mai laifi da marar laifi.

Mu kuma marubuta, mun cika littattafanmu da jarumai 'yan jami'a masu motoci da soyayya a ƙarƙashin bishiya, amma da wuya ka karanta labarin yarinyar da ta maimaita shekara saboda sifili ɗaya da babu wanda ya yarda shi ya shigar. Mu rubuta shi. Wanda ke da malami a gidansu ko a unguwarsu ya tambaye shi cikin ladabi: Malam, wa ke duba masu fotal a makarantarku? Duk amsar da ya samu, ya kawo mana ita ƙarƙashin wannan rubutu, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Wanda kuma yake ganin mun zaƙe, fili nasa ne, ya zo da hujja.

Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa mu dace.