Intanet a Ƙasar Kazaure: A Fara Tanadar Wuta Kafin A Kafa Turke

Idan ba a manta ba, Jihar Jigawa na cikin jihohin da suka fara rungumar fasahar sadarwa a ƙasar nan. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa kamfanin Galaxy domin sada ofisoshin gwamnati da intanet, aka kuma buɗe cibiyar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure. Amma fiye da shekaru ashirin bayan haka, malamin makaranta ko jami'in lafiya a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura yakan sha wahala kafin ya aika da rahoto guda. Abin tambaya a nan shi ne, ina gizo yake saƙar?

A ganina, matsalar ta faro ne daga yadda muke tsara aikin. Mukan fara da sayen na'ura da kafa dogon ƙarfe, sai an gama bikin buɗewa a tuna da wutar da za ta riƙe su. Alhali na'urar da ke saman turke ba ta barci, dare da rana take aiki, kuma ranar da wuta ta ɗauke, ba ta da bambanci da ƙarfen banza. Ai mun gani a watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwana da kwanaki. Janareta kuwa, tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ya fi ƙarfin makaranta ko ƙaramin asibiti.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. A ɗauka turke yana ɗauke da na'urorin aikewa guda huɗu da akwatin da ke haɗa su, duka suna cin wat 50. A awa 24 za su ci wat-awa 1,200. Ranar da Allah Ya hore mana takan ba da ƙarfin da ya kai na awa biyar cikakku a yini, don haka mafi ƙarancin faifan sola da ake buƙata shi ne na wat 240. Sai dai mai hankali zai ninka wannan, saboda ƙurar hunturu da ke rufe faifai da hadarin watan Agusta. Haka kuma batir ɗin ya zama mai iya riƙe turken kwana biyu ko uku ba tare da rana ba. Duk ɗan kwangilar da bai kawo wannan lissafi a rubuce ba, bai cancanci a biya shi ko kwabo ba.

Zaɓen batir ma abin lura ne. Batir irin na dalma, wanda ya fi araha, ana ƙiyasta kwanansa ne a zafin da bai wuce digiri 25 ba, kuma duk ƙarin digiri goma yakan rage masa kusan rabin kwanansa. To, ina ga wanda aka kulle cikin akwatin ƙarfe a Babura a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40? Batir na lithium ya fi tsada, amma ya fi daɗewa, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Har ila yau, mafi yawan waɗannan na'urori suna iya shan wuta kai tsaye daga batir, don haka cusa inbata a tsakani asarar wuta ce da ƙarin abin da zai lalace.

Sai batun na'urar kanta. Irin wannan sadarwa tana buƙatar eriya ta hangi 'yar'uwarta ba tare da wani shamaki ba. Idan tazarar turaku biyu ta kai kilomita 20, sai an bar sararin kimanin mita 15 a tsakiyar hanya saboda lanƙwasar ƙasa da faɗin da saƙon ke yi, kafin a ƙara tsawon kuka ko darbejiya. Nan ne duwatsun Kazaure da Roni suke zama alheri ko cikas: wanda ya auna ya ɗora turkensa a tudu ya huta da dogon ƙarfe, wanda ya kafa a inda mai faɗa-a-ji ya nuna masa kuwa, dutse ya tare shi. Ko Ubiquiti za a saya, ko MikroTik, ko Cambium, abin dubawa shi ne mai cin wuta kaɗan, mai jure zafi da ƙura, wanda kuma za a sami kayan gyaransa a Kano ba sai an jira jirgi ba. Kada kuma a manta da wayar da ke kai aradu ƙasa, domin tsawa ɗaya a farkon damina ta isa ta ƙone aikin miliyoyi.

Wani zai ce, me ya kawo wannan dogon zance alhali Starlink ya shigo Nijeriya tun 2023? Gaskiya ne ya rage nisa, amma farantinsa ma wuta yake ci, har ya fi waɗancan na'urori, kuma kuɗinsa na wata ya fi ƙarfin talaka. Hikima ita ce a jawo intanet zuwa wuri guda, ta tauraron ɗan'adam ko ta wayar ƙarƙashin ƙasa, sannan a rarraba wa makarantu da asibitoci ta turaku. Ke nan ko ta ina aka bi, sai an dawo kan turke da batir.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin nan huɗu, da asusun USPF na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wanda dokar 2003 ta tanada domin irin waɗannan yankuna, da su sauya salon kwangila. A riƙa biyan ɗan kwangila bisa yawan kwanakin da turke ya yi yana aiki. A ware kuɗin sauya batir tun daga ranar farko. A danƙa kula da turakun ga ɗaliban da cibiyar Kazaure da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu suke yayewa, maimakon jiran injiniya daga Legas. A kuma sanya dagatai da masu unguwanni cikin aikin, domin batir da faifan sola kaya ne da ɓarayi ke kwaɗayi, kuma abin da gari ya ɗauka nasa ne ba ya rasa mai gadi.

'Ya'yanmu suna rubuta jarrabawar JAMB da kwamfuta, suna neman gurbin karatu da aiki ta intanet, suna gogayya da yaran Legas da Abuja. Turken da ya mutu bayan wata shida zalunci ne a kansu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.