Kafin mu ce an hana mu tallafi, mu duba takardunmu

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe, don maganar ta shafi aljihunmu.

Daren jiya a ɗakinmu aka tayar da zancen tallafin da gwamnati ke ba masu ƙananan sana'o'i. Nan take wani ya ce, "Ai wannan ba namu ba ne, na 'yan Kudu ne da 'ya'yan manya." Kowa ya gyaɗa kai, aka koma hirar ƙwallo. Ni ma da haka nake cewa. Shekara uku ke nan ina sayar da kilishi da dambun nama a nan Ibadan, ana aiko min daga gida, in je Sabo in karɓo, in ƙulla a leda in bi ɗakuna. Da shi nake sayen takardun karatu, da shi nake cin abinci idan wata ya yi nisa. Amma ban taɓa samun ko sisi na tallafi ba, kuma na daɗe ina ɗora laifin a kan ƙabilanci.

Abin da ya sauya min tunani wata 'yar ajinmu ce, Bayarabiya, mai yin cincin da kek. Bara aka buɗe wani shirin tallafi, ta ce mu zauna mu cike tare. Fom ɗin ya tambayi sunan kasuwanci da lambar rijistarsa, ya tambayi bayanan asusun banki na 'yan watanni, ya tambayi nawa kake ciniki a wata, nawa ne riba. Ita kafin magariba ta gama, don tana da rijistar CAC, tana da asusu na sana'ar kaɗai, tana da wani ɗan littafi da take rubuta komai, har kuɗin gas. Ni kuwa na tsaya a shafi na biyu. Wallahi na fi ta ciniki, amma ba ni da abin da zan nuna. Kuɗin kilishi da kuɗin da Baba ke turowa da bashin da abokai ke biya duk asusu ɗaya suke shiga. Da aka ce nawa ne ribata, sai na ce "Alhamdulillah, ana samu." Fom kuwa ba ya karɓar "ana samu".

A karon farko ita ma ba ta dace ba. A na biyu ta samu. Ni ko layin ban shiga ba, balle in ce an cire ni.

Ku duba 'yan uwanmu a makarantun nan. Mai turare, mai huluna, mai atamfa da mayafi, mai sayar da data, mai gyaran waya, 'yan mata masu lalle da turaren wuta. Sana'a dai a jininmu take. Amma mun gaji kasuwancin amana da baki, na "Allah Ya sa albarka", wanda ya riƙe Kantin Kwari da Kurmi shekaru aru-aru. Wannan tsarin yana aiki tsakanin mutanen da suka san juna. Wanda ke zaune a Abuja yana tace dubban fom bai san ka ba, bai san gidanku ba. Takarda kawai yake gani.

Shirye-shiryen kuma suna zuwa suna wucewa. A 2011 an yi YouWiN, inda aka ba matasa miliyoyi kyauta bisa tsarin kasuwancin da suka rubuta. A 2020, cikin shirin Survival Fund, gwamnati ta ɗauki nauyin rijistar sunan kasuwanci 250,000 kyauta. A 2023 aka sanar da tallafin naira 50,000 ga ƙananan 'yan kasuwa miliyan ɗaya, da kuma rancen da ya kai naira miliyan ɗaya ta hannun Bankin Masana'antu, BOI. Ga SMEDAN da aka kafa tun 2003 musamman don irinmu. Ban da gwamnati, gidauniyar Tony Elumelu na buɗe shafinta ranar 1 ga Janairu, tana ba waɗanda aka zaɓa dala 5,000 jari. Mu nawa ne a nan muka taɓa cike ko ɗaya har ƙarshe?

Wata matsalar da ta fi damun mu ita ce suna. Kai Muhammad ne a NIN, Mohammed a BVN, Muhammadu a takardar makaranta, ranar haihuwa ma biyu gare ka. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, watsar da kai za ta yi ba tare da wani ya faɗa maka dalili ba. Wasunku sun ga haka da idonsu lokacin neman rancen karatu na NELFUND.

Sai abu na biyu, wanda ya fi haɗari: mu rarrabe kyauta da bashi. A Hausa duk "tallafi" muke cewa, shi ya sa ake ruɗewa. Ku tuna rancen korona na 2020 da Babban Banki ya bayar ta bankin NIRSAL. Mutane da yawa a garuruwanmu sun karɓa a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, wasu suka yi aure, wasu suka sayi waya. Bashi ne fa. Akwai tsarin da ake kira GSI, wanda ke ba mai bin ka bashi damar cire kuɗi daga duk asusun da ke ɗaure da BVN ɗinka. Da lokacin biya ya yi, aka fara ganin alat na cirewa, aka shiga salati. Kafin ka sa hannu a komai, ka karanta: za a mayar ko ba za a mayar ba? Akwai ruwa a kai? Wanda ke gudun riba, ya tambayi bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus, suna da tsarin da za su sayo maka kaya su sayar maka bisa ribar da kuka yi yarjejeniya.

Na uku, 'yan damfara. Ni kaina an ci min naira 3,000. Wani ejan ne a WhatsApp ya ce yana da "hanya a ciki", muka tura mu wajen goma, ya goge lambarsa. Kunya ta hana mu faɗa wa kowa, ƙila shi ya sa ya samu wasu bayanmu. Duk wanda ya ce ka biya kafin a sa sunanka, ko ya nemi lambar sirri da banki ya turo maka, ɓarawo ne. Yawancin shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa, ka duba adireshin kafin ka zuba bayananka.

Na san wani zai ce, "Kai ma dai, ai wa-ka-sani ne." Ban musa ba. Akwai shirye-shiryen da 'yan siyasa ke rabawa yaransu, akwai waɗanda suka cike komai daidai har yau shiru, kuma 50,000 a tsadar yanzu ko naman kilishi na sati biyu ba za ta saya min ba. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya cike aka hana shi yana da bakin ƙorafi, yana da hujjar da zai ɗaga. Mu da ba mu nema ba, me za mu nuna? Kuma ko ba a ba ka komai ba, littafin lissafin nan zai amfane ka. Ni da na fara rubutawa ne na gano kusan rabin ribata tana hannun abokai masu "zan ba ka gobe".

Ga abin da na yi cikin wata huɗu. Na gyara sunana ya zama iri ɗaya a NIN da BVN. Na buɗe asusu daban na kilishi kaɗai. Na sayi littafi ina rubuta shiga da fita kowane dare. Na tara kuɗi na yi rijistar sunan kasuwanci. Har yanzu ban samu tallafi ba, kada wani ya zo neman rance. Amma in an buɗe gobe, a shirye nake.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa: yadda muke haɗuwa don walima da ranar al'ada, a ware Asabar ɗaya a zangon nan. Muna da masu karanta akanta da lauya a cikinmu, su zauna da masu sana'a a duba takardun kowa, a koya mana rubuta tsarin kasuwanci shafi biyu. A tabbatar 'yan uwanmu mata sun samu wuri, don su ne suka fi mu sana'a kuma suka fi mu rashin jin labari. In an sa rana, kilishin taron a wuyana.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.