Gwajin Juriyar Na'urorin Sadarwa Ba Ya Cika Sai da Rahoto

Manomin Ɗambatta ko Bichi ba ya sayen san noma don kawai dillali ya yabe shi. Sai ya duba haƙoransa, ya ga tafiyarsa, in da hali ma a ɗaura masa garma ya ja a gabansa. Dalili kuwa a fili yake. A wannan yanki na arewacin Kano gonaki manne suke da juna, gonar gado ƙarama ce, kuma wanda sansa ya kwanta a tsakiyar huɗa ya yi asarar damina. Abin mamaki shi ne idan aka zo ga na'urorin sadarwa, wato waɗanda ke haɗa kwamfutoci da juna ko ke rarraba intanet a makarantu da asibitoci da cibiyoyin jarrabawa, sai a karɓe su cikin kwali, a kunna, fitila ta kama, a ce aiki ya yi.

Kamawar fitila ba shaida ce ta juriya ba. Gwajin juriya shi ne a jefa na'ura cikin mawuyacin hali da gangan, don a ga inda za ta kasa. Iri biyu ne. Na farko ya shafi jikinta: zafi, ƙura, danshi da rawar wutar lantarki. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Kano, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da tsawar damina, ya san wannan ba wasa ba ne. Akwai ma alamar da akan rubuta a jikin wasu na'urori, kamar IP65, inda lamba 6 ke nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma ke nufin tana jure feshin ruwa.

Iri na biyu ya shafi manhajar da ke cikinta. Ana tura mata gurɓatattun saƙonni, masu tsawo fiye da kima ko marasa kan gado, a ga ko za ta yi watsi da su ta ci gaba da aiki, ko kuwa za ta sandare. Farfesa Barton Miller na Jami'ar Wisconsin a Amurka shi ne ya fara ba ɗalibansa wannan aiki a 1988, bayan ya lura cewa hayaniyar layin tarho a wani dare na ruwan sama tana kashe masa manhajoji. Sakamakon da suka buga a 1990 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na manhajojin da suka gwada sun kasa. Haka kuma a 2002 masu bincike na Jami'ar Oulu a ƙasar Finland suka bayyana irin wannan rauni a na'urorin sadarwa na kamfanoni masu yawa, aka fitar da gargaɗi a watan Fabrairu, kamfanonin suka shiga gyara. Da waɗannan masana sun yi gwajinsu sun riƙe a baki, da babu abin da ya canja. Rubutaccen rahoto ne ya sa aka motsa.

To, me ya kamata rahoto nagari ya ƙunsa? Da farko sunan na'urar da lambarta da zubin manhajar da ke kanta, domin gyaran da aka yi wa wannan zubi ba lallai ne ya kai ga wancan ba. Sai ranar gwaji da yanayin da aka yi shi. Sannan abin da aka yi wa na'urar da abin da ya faru, daki-daki, yadda wani zai iya maimaitawa ya sami amsa iri ɗaya. Bayan haka a jera matsalolin bisa girman haɗarinsu, a rubuta wanda zai gyara da wa'adinsa. Kuma idan an gyara, a sake gwadawa.

Ɗalibai su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗar sakaci a wannan fanni. A watan Mayun 2025 hukumar JAMB ta amsa cewa an sami kuskuren fasaha a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, har sai da ɗalibai 379,997 suka cancanci sake zama jarrabawa. Abin bai shafi Kano ba, amma masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce ai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana tantance samfurin na'urori kafin a sayar da su, kuma gwaji yana da tsada. Gaskiya ne. Sai dai amincewa da samfuri ba ta faɗin yadda wata na'ura guda za ta kasance a ɗakin kwano a Kunchi, tana shan wutar janareta. Batun tsada kuwa, neman rahoto daga ɗan kwangila kafin a biya shi ba ya cin ko kwabo.

Saboda haka ya dace shugabannin makarantu su sa rahoton gwaji cikin sharuɗɗan karɓar kaya, su kuma karanta shi, ba a kulle shi a kabad ba. Malaman kimiyya, musamman a makarantu irin ta Kimiyya da ke Dawakin Tofa, za su iya farawa da ɗan abin da ke hannu. A sami ma'aunin zafi da littafi guda. Ɗalibai su riƙa rubuta zafin ɗakin kwamfuta, da lokacin da sadarwa ta yanke, da mintunan da na'ura kan ɗauka kafin ta dawo bayan an ɗauke wuta. Idan aka yi haka tun daga hunturu har zuwa damina, makarantar za ta sami hujja a rubuce da za ta miƙa wa mai gyara, ɗaliban kuma sun koyi aikin injiniya tun kafin su shiga jami'a.