Haƙƙin Makarantar Mata a Wuyan Waɗanda Suka Sha Nononta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƴan uwa masu bibiyar wannan zaure, daga Cadawa da Agye zuwa Gazawa da Gidan Runji, tunatarwarmu ta yau a kan wani bashi ne da ba a rubuta shi a takarda ba, shi ya sa muke saurin mantawa da shi: bashin da makarantar ƴan mata take bin matan da suka yi karatu a cikinta.

Kowannenmu ya san irin wannan makaranta, ta Islamiyya ce ko ta boko. A nan matarsa ta koyi farillan alwala, a nan ƙanwarsa ta fara haɗa baƙi. Yau wasu daga cikin ɗalibanta malamai ne, wasu ungozomomi a asibiti, wasu ƴan kasuwa. Makarantar kuwa rufinta na yoyo, yara na zaune a ƙasa, babu makewayi na kirki, malamar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a wurin ta tsufa ba mai leƙa ta. Ra'ayina shi ne, waɗannan tsofaffin ɗalibai su ne mafi cancantar ɗaukar wannan nauyi, kuma wajibinmu ne mu maza mu buɗe musu hanya.

Na san abin da wasu za su ce: ai taron mata ƙarshensa anko ne da biki da ɓata lokaci. Tsoron yana da dalili, domin mun ga tarukan da suka koma haka. Sai dai gyara ake yi, kuma magabata sun bar mana misali. Bukhari ya ruwaito cewa mata sun roƙi Manzon Allah (SAW) ya ware musu rana ta karatu, ya kuwa ware musu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da suke karantar da almajirai alhali sun bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci.

Ƴarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta mayar da wannan magana aiki, ta kafa Ƴan Taru. Takan naɗa shugabar tawaga da ake kira jaji, ta ba ta malfa, wadda dama alama ce ta mace mai jagoranci a ƙasar Gobir. Jaji takan jagoranci dattijai mata da ƴan mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su karantar da waɗanda hidimar gida ta hana su fita. Ba sa zuwa hannu rabbana; sukan kawo hatsi da zuma da tufa, a raba wa mabuƙata. Da Asma'u ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Ɗaliban da suka amfana su ne suka raya makarantar bayan mai ita.

Ba kuma sai an koya wa matanmu tsari ba. A nan jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, daga nan ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Matan da suka iya zubi duk mako, suka iya riƙon akwati da amana, za su iya tara kuɗin siminti da kwano. Kada mu manta da gobarar Nuwamba 2021, lokacin da azuzuwan zana suka kama da wuta a birnin Maraɗi, yara sama da ashirin suka rasu. Aji guda da aka mayar na bulo yana iya zama sanadin tsirar rayuka, kuma yana cikin sadaka mai gudana da ilimi mai amfani, biyu daga cikin abubuwa uku da hadisin Muslim ya ce ladansu ba ya yankewa da mutuwa.

Bayan gini akwai tarihi. A rubuta sunan wanda ya ba da filin, da malaman farko, tun masu tunawa da su suna raye. A adana rajistar ɗalibai da tsofaffin alluna. A ziyarci malaman da suka tsufa, a yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Yarinyar da ta ga sunan kakarta a rajistar makarantarta ba za ta yi saurin barin aji ba.

Maigida, idan uwargida ta nemi izinin zuwa irin wannan taro cikin sutura da mutunci, ka ba ta, ka ƙara mata da abin zubi. Liman, ka ambaci makarantar mata a kan mumbari kamar yadda kake ambaton gyaran masallaci. Ku kuma iyayenmu da ƴan uwanmu mata, ko biyar kuka samu ku fara: ku naɗa ma'aji mai tsoron Allah, ku riƙa bayyana lissafi a fili, ku tambayi shugabar makaranta abin da ya fi gaggawa kafin ku kashe ko dala.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu dace. A tura wa ƴan uwa mata domin su ma su amfana.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.