Ba Kowace Mutuwar Mota Ce Laifin Famfon Mai Ba

Malam, na karanta shawararka cewa tsohuwar mota in ta fara mutuwa a kan hanya, a canja famfon mai kawai a huta. Ban yarda ba, kuma wannan magana za ta sa talaka asara.

Ina awo? Mota mai injekta irin Peugeot 406 tana son ƙarfin mai kusan bar 3. Bakanike ya ɗaura geji tukuna. In allura ta tsaya daidai a silo amma ta faɗi da an taka totur, a fara duba filta, domin in dattin tanki ya toshe ta, ko lafiyayyen famfo sai ya gaza. In an kashe injin ƙarfin ya zube nan take, a nemi inda mai ke komawa: ragileta, injekta mai yoyo, ko bawul ɗin famfon.

Wuta kuwa ko ambatonta ba ka yi ba. Honda Accord ta shekarun 1990 ta yi suna da rilai da dalmarsa ke tsagewa. In zafi ya yi ya yanke wa famfo wuta, in ya huce mota ta tashi. Sensar karanshaf ma haka take kashe mota in ta yi zafi, alhali famfon lafiyarsa lau.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 direbobi ke yawo da ɗigon mai a tanki, kuma man ne ke sanyaya famfo, don haka ko sabo aka sa zai iya lalacewa. Wanda da ƙyar yake sayen lita biyar, da wane kuɗi zai sayi famfo sau biyu?