Mu Koyi Tambayar Ingilishi da Idon Nahawu

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu na Goudji,

A ajinmu akwai kuskure ɗaya da ya ƙi barinmu. Za mu tambayi mutum ina zai je, sai mu ce "Where you are going?" Malam ya gyara, gobe mu sake. Wasu sun ce Ingilishi ne ba ya shiga kan ɗan madarasa. Mu dai ba mu yarda ba.

Ga inda gizo yake saƙa. Da Hausa "Ka shirya" magana ce, "Shin ka shirya?" tambaya ce, ba kalmar da ta bar wurinta. Da Larabci ma "hal" ko hamza ake sa wa a gaba, jumla ta zauna yadda take. Faransanci, wanda shi da Larabci ne harsunan hukuma a Cadi, yana da "est-ce que" mai aikin "hal". To, harsuna uku sun saba mana da ƙara abu a gaba kawai. Ingilishi kuwa musanya yake so: "You are ready" ta koma "Are you ready?" In babu ƙaramin fi'ili mai taimako, sai a aro "do" ko "did", shi ya ɗauki lokacin, babban fi'ili ya koma asalinsa: "Did you go?" Sai in fa'ili ake tambaya, kamar "Who came?", nan ba musanya.

Wannan ai taƙdimi da ta'ahiri ne, kuma mun san su tun daga mubtada da habar. Wanda ya haddace Ajurrumiyya, ya iya i'irabi, me zai sa wannan ta gagare shi?

Kada mu ce ƙaramin abu ne. Yayyenmu na zuwa Maiduguri da Kano karatu da fatauci. A ofis ko asibiti, wanda bai iya tambaya ba shiru yake yi, ya koma gida da abin da bai gane ba.

Don haka muna roƙon malamanmu su riƙa jera mana harsunan a allo gefe da gefe. Mu kuma kowace Alhamis kowa ya zo da tambaya biyar, mu gyara wa juna ba dariya. Matambayi ba ya ɓata.

Wassalam.